Almakashin Amandio

Sanyin Fabrairu bai gama sakin Mirandela ba
na sauko da almakashinka daga ƙusa.
Shekara arba'in da ɗaya ina kallon hannunka
ban taɓa tambaya ba, ido nawa ake bar wa reshe?
Na bar biyu.
Wani wurin uku, inda zuciya ta ƙi.
Kurangar inabin bakin rijiya kuwa
na yi mata askin da ba ta roƙa ba,
da safe na tarar tana ɗigar ruwa ta bakin yankan
kamar wadda aka yi wa gori a gaban mutane.

Na ce mata, yi haƙuri, ni ma sabuwar hannu ce.
Wanda ya yi yanka shi ke bin bashin abinci.

Rassan na tara su bayan ɗakin zomaye,
na inabi, na ɓaure, da na zaitun ɗin nan mai taurin kai.
Sirara na daddatsa da adda, gaɓa-gaɓa,
masu kauri na ba wa murhu,
suka ɗumama mini ƙafa dare huɗu
suka bar mini toka mudu guda da ɗan ɗori.

Kashin zomo yana nan, ba ya yankewa.
Ɓawon ƙwai na daka a turmin tafarnuwa.
Diddigar gahawa ta ragu, Amandio,
kofi ɗaya ake sha yanzu a gidan nan,
sai na je wurin Graciete da gwangwani
na roƙi nata.

Da Maris ya kama na gangara bakin kogin Tuwa
neman ciyawar nan mai harbi kamar kunama.
Safar hannunka ta yi mini yawa,
ta zame, na sha harbi har gwiwar hannu.
Na danna ganyen cikin tsohuwar ganga,
na cika ta da ruwan sama, na ɗora dutse.

Kwana tara, wari ya tashi.
Ba warin wasa ba.
Graciete ta leƙo ta kan katanga, hanci a toshe,
wai ko wani abu ya mutu a gidana.
Na ce mata, tun bara.
Ta yi shiru. Ni na fara dariya, sannan ita,
har muka riƙe katanga.

Telmo ya bugo waya daga Liyon,
wai Mama ki bar wahalar nan,
buhun takin kanti kuɗinsa bai kai na burodin sati ba.
Na ce to.
Ka san irin to ɗina.

Abin da ya hana ni barci shi ne awo.
Ruwan gangar nan, in ya yi kauri, ƙona saiwa yake.
Kai ba ka rubuta komai ba, ko a bangon kalanda.
Na zauna da bokitinka tsakanin ƙafafu
ina kankare tsatsa don hannu ya sami aiki,
sai farcena ya faɗa cikin wani zane.
Ƙusa aka sa aka ja shi, can kusa da gindi.
Wani kuma a sama, dab da baki.
Na auna da gwangwanin man zaitun:
ɗaya zuwa na ƙasa, goma zuwa na sama.

Ashe ka bar wasiƙa.

Yau na tone gindin kowace kuranga da yatsu,
na zuba toka da ɓawo, na rufa da datsattsun rassa,
na bi su da ruwan ganga, ɗaya cikin goma.
A gindin ta bakin rijiya na ga tana guda biyu
suna juyi cikin baƙar ƙasa.
Idon da na bari ya kumbura, ya yi gashi-gashi,
bai buɗe ba tukuna.

Na wanke almakashin, na shafa masa mai.
Ban mayar da shi kan ƙusa ba.
Yana aljihun rigata, yana ja mini ita gefe ɗaya.